Yadda Jaba Ta Zama Hajiya Dorina

Ga ta nan, ku matso ku karɓa. Wanda zai ji ya zauna ya kama bakinsa, don ba na maimaita magana.

A kasuwar dabbobi ta Gindin Maje akwai wata Jaba. Ba ta noma, ba ta dakau, ba ta da rumfa. Sana'arta ɗaya ce, ɗanɗano. Kun dai san al'adar kasuwa, mai saye yana da ikon ya ɗan taɓa abu a bakinsa kafin ya taya. To, a kan wannan al'ada Jaba ta ɗora rayuwarta. Ranar kasuwa sai ta yafa gyale, ta rataya jaka kamar wadda ta zo sayayyar biki, ta fara daga rumfar farko. Ta ɗanɗana kilishi, ta ce gishiri ya yi yawa. Ta ɗanɗana dakuwa, ta ce yaji bai ji ba. Ta ɗanɗana ƙuli-ƙuli, ta ce bari ta zaga ta dawo. Kafin ta kai rumfar ƙarshe ciki ya yi tim, jaka ma ta yi nauyi. Tun da aka kafa kasuwar nan ba wanda ya taɓa ganin ta sayi ko allura.

In ta fito sai ta hau kan suri ta miƙe baki sama, ta ce: “Ni ce Jaba, 'yar dogon baki! Ba ni da gona, ba na kwana da yunwa! Duk wadda ta ɗora tukunya, da ni ta ɗora!”

Kasuwar kuwa tana da nata ciwon. Laraba kaɗai take ci. Da damina rafi ya kawo, masu saye su kasa ƙetarowa, kaya su kwana su yi fumfuna. Ga Giwa mai dakuwa, in ta juya don ta ba da canji sai rumfar maƙwabta ta faɗi. Sarkin Kasuwa shi ne Raƙumin Dawa. Saboda tsawonsa yana hango cikin gari, ya ga yadda mutane suke ciniki suna kishingiɗe a ɗaki. Sai ya tara ƙungiyar 'yan kasuwa.

Ya ce, “Daga yau kasuwa ta koma cikin waya. Za mu buɗe zaure guda a ciki, kowa ya ɗora hoton kayansa. Mai so ya yi magana, ya biya ta wayar, Jimina ta kai masa har ƙofar gida.”

Giwa ta ce, “Ranka ya daɗe, to rumfuna fa?”

Ya ce, “Yaya Giwa, wace rumfa kika bar mana?”

Aka yi haka, abu kuwa ya karɓe su. Kasuwar da take ci sau ɗaya a mako ta koma ci kullum. Kunkuru, wanda yakan iso bayan an watse, shi ne yanzu mai fara saye. Kura mai kilishi, wadda a da ƙananan dabbobi ba sa kusantar rumfarta, sai ga Barewa da Zomo suna aiko mata da oda, tun da ba a cizo ta waya. Mutanen ƙetaren rafi suka shigo. Kaya suka daina kwana. Masu abinci kuma suka lura cewa tirensu ya daina raguwa haka kawai, suka ce albarkar waya ce.

Da gari ya waye ranar Laraba, Jaba ta yafa gyale ta nufi Gindin Maje. Ta tarar da fili fayau, ba kowa sai Jimina tana ɗaure kaya a baya.

Jaba ta ce, “Sannu, 'yar dogayen ƙafafu. Rasuwa aka yi ne?”

Jimina ta ce, “Ba a yi ba. Kasuwa ta koma waya.”

“To ɗanɗano fa?”

“Ki lashi gilashin.”

Jimina ta tayar da ƙura ta tafi. Jaba ta tsaya da jaka a rataye. Ita kuwa Jaba halittarta ba ta jure yunwa, in ta wuni ba ta ci ba har mutuwa takan leƙo ta gaishe ta. Kafin la'asar ta tauna gefen gyalenta.

Tana jan jiki a bakin kogi sai ta ga Biri ya ajiye wayarsa a kan dutse ya shiga wanka. Ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ta sa baki ta ja wayar nan, wadda ta fi ta girma, har cikin wani rami a gindin ɓaure. Kada wanda ya yi dariya, sata ce.

Abin da ta fara yi shi ne ta buɗe hoton kilishi ta lashi gilashin, ko da Jimina gaskiya ta faɗa. Ba ta ji komai ba sai ɗanɗanon hannun Biri. Sai ta kwanta tana sauraron saƙonnin murya da ake ta aikowa zauren. Ta ji Zomo yana cewa, “Hoto dai ya yi kyau, amma wa ya san daɗinsa?” Ta ji Barewa tana cewa, “Ni ma haka nake saye, da ido a rufe.”

Jaba ta tashi zaune. Ta ce, “Ashe ba ni kaɗai ke kewar ɗanɗano ba.”

Ta san in ta fito da sunanta ba mai ba ta ko ɓawon gyaɗa. Sai ta tuna da Dorina, wadda take zaune a gurbi mai zurfi can tsakiyar kogin. Dorina ba ta zuwa kasuwa, ba ta da waya, ba ta son surutu, kowa kuma yana shakkarta. Jaba ta samo wani tsohon masaki, wato babbar ƙwarya, ta yaɓe shi da laka, ta kifa shi a bakin ruwa, ta manna masa ƙwallon goriba biyu a matsayin idanu. Ta ɗauki hoto ta ɗora. Ta goge sunan Biri ta sa: Hajiya Dorina Mai Ɗanɗano. Saura murya. Ta jawo wani fasasshen tulu, ta zura kai ciki, ta danna wayar da ƙafa.

Murya ta fito kamar daga ƙasan rijiya: “Salamu alaikum, 'yan zaure. Ni ce Hajiya Dorina. Na ga ana sayen abinci ba a ɗanɗana ba, abin da ko kakanninmu ba su yi ba. Saboda Allah na ɗauki nauyin ɗanɗana muku. Bakina faɗi gare shi, babu inda ƙarya za ta ɓuya. Mai kaya ya ba Jimina ta ajiye a gindin ɓaure ta wuce. Ba na son a tsaya mini a ka ina cin abinci.”

Kura ce ta fara amsawa. Ta ce, “Hajiya, barka da shigowa. Ɗan yanki zan yago miki?”

Jaba ta ce daga cikin tulu, “'Yar nan, dubi hotona da kyau. Yanki ai a tsakanin haƙori zai ɓace. Cika faifai.”

Kura ta yi gunaguni ta cika faifai. Jimina ta kai ta ajiye ta wuce. Jaba ta fito ta janye kilishin nan falle-falle zuwa rami, ta ci har numfashi ya gagare ta. Da ta farfaɗo ta zura kai a tulu ta ce: “Jama'a, na ci kilishin Kura. Ya bushu, ya ji ƙuli, ya ji yaji, yana karyewa ƙaras. Kuma na duba da kyau, ba naman wani ɗan'uwanku ba ne.”

Wannan magana ta ƙarshe ita ta yi aiki. Kafin rana ta faɗi Kura ta sayar da duk abin da ta shanya, tana ta dariya har ana jiyo ta a ƙetaren rafi. Masu ƙuli-ƙuli, masu alkaki, masu zuma, kowa ya shiga layi. Jimina ta yi ta safa da marwa zuwa gindin ɓaure.

Giwa kaɗai ta ƙi. Ta aiko da murya ta ce, “Dakuwata ba ta neman shaida. Uwata ta yi dakuwa, kakata ta yi, ba mu taɓa tambayar mai kwana a laka ra'ayinta ba.”

Jaba ta jira har Zomo ya tambaya, “Hajiya, dakuwar Giwa fa?”

Sai ta zura kai a tulu, ta ja dogon numfashi, ta ce, “Hmmm. Dakuwar Giwa. To. Allah dai ya rufa asiri.”

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da gari ya waye, Giwa ta mulmula dakuwa ta jera, ta zauna tana kallon waya. Shiru. Ta girgiza wayar, ta hura mata iska da hanci, ta kai wa Sarkin Kasuwa ya duba ko ta lalace. Ya ce lafiyarta lau. Da ta ga dakuwa ta fara tsatso mai, ƙuda na taruwa, sai ta cika kwando ta ba Jimina, ta haɗa da saƙo: “Hajiya, a yi haƙuri. Ranar nan ciwon haure ne ya sa ni magana.”

Jaba ta ci dakuwa har ta kasa juyawa a cikin ramin. Ta ce wa zaure, “Wanda bai ci dakuwar Giwa ba, ban san amfanin haƙoransa ba.” Giwa ta koma ciniki.

Amma Jimina tana da ido. Ta je ta samu Sarkin Kasuwa ta ce, “Ranka ya daɗe, kullum ina kai kaya gindin ɓauren nan, ban taɓa ganin sawun Dorina ba. Sai wasu 'yan zane-zane kamar an ja tsinke.”

Raƙumin Dawa ya ce, “Bari mu gan ta da ido.” Ya danna kiran bidiyo.

Jaba ta ga kira ya shigo. Ta tura wayar waje da sauri, ta jingine ta da saiwa tana fuskantar masakin nan. Ta ɗaura wa masakin zare tana ja yana ɗan motsi a ruwa, kai kuma yana cikin tulu.

“Ranka ya daɗe, ka same ni ina wanka.”

“A gafarce ni, Hajiya. Gaisuwa ce kawai.” Ya ƙura ido. Ana cikin haka laka ta jiƙe, ƙwallon goriba ɗaya ya sille ya faɗa ruwa, tsulum.

Ya ce, “Hajiya, idonki ɗaya ya faɗi.”

Jaba ta ce, “Sabis ne ba shi da kyau, ranka ya daɗe. Ni ma nan ba na ganin kanka, wuya kawai nake gani. Na ce an sare ka ne?”

Raƙumin Dawa ya ji kunya, don gaskiya ne, tun da ya sayi waya kansa bai taɓa fitowa a hoto ba. Ya ba da haƙuri ya kashe kiran, ya kuma yi wa Jimina faɗa a kan yawan sa ido.

Jaba ta fito ta yi tsalle a kan saiwa. “Ni ce Jaba, 'yar dogon baki! Na sa Kura ta yi kyauta! Na sa Giwa ta ba da haƙuri! Sarkin Kasuwa ya gai da ƙwarya ya kira ta Hajiya!”

To, amma kasuwa tana da iyaka. Sannu a hankali kowane mai abinci ya samu shaidarsa, masu saye sun san na kowa, ciniki yana tafiya. Raƙumin Dawa ya aiko da sanarwa: “Ƙungiya tana godiya ga Hajiya. Wanda aka ɗanɗana nasa an ɗanɗana ke nan, kada a ƙara wahalar da ita.” Jimina ta daina zuwa. Jaba ta cinye ajiyarta, ta lashe faifai, ta lashe kwando.

Tana kwance sai ta tuna irin abin da ake kai wa marar lafiya. Farfesu. Kunun gyaɗa. Zuma. Kuma ba a cewa sau ɗaya ne, sai ya warke. Ta ce, “Ni kuwa ba zan warke ba.”

Ta zura kai a tulu, ta yi nishi, ta yi tari. “Wayyo, 'yan zaure, jiki ya ƙi. Yawan ɗanɗana muku ne ya taɓa mini ciki. Mai magani ya ce ba abin da zai tashe ni sai farfesu da kunu. A ba Jimina. A yafe ni in na tafi.”

Zaure ya cika da “Allah ya ba da lafiya” da “Allah ya sa kaffara ce”. Jaba ta share gindin ɓaure don a samu wurin ajiye kwanuka, ta koma ta kwanta tana haɗiyar miyau.

Abin da ba ta sani ba, Raƙumin Dawa ya tara ƙungiya a Gindin Maje, ido da ido. Ya ce, “Ciniki muka mayar waya, ba zumunci ba. Matar da ta tallata mana kaya tana kwance, mu aika mata da miya kamar wadda aka tsare? Dubiya da ƙafa ake yin ta.”

Kura ta ce, “A sanar da ita muna tafe?”

Giwa ta ce, “Ke, ba a yi miki tarbiyya ba ne? Wa yake sanar da marar lafiya, ta tashi tana share-share saboda baƙi?”

Da gari ya waye, Jaba ta ji ƙasa tana girgiza. Ta ce, “Kai, yau Jimina ta yi lodi.” Ta leƙo. Ta ga Raƙumin Dawa a gaba, Giwa ɗauke da randar kunu, Kura da tukunyar farfesu a ka, Jimina da goran zuma, sauran 'yan kasuwa a baya, har da Biri, wanda ya zo ne don ba shi da waya ba shi da abin yi. Jaba ta koma ciki da baya, ta lafe a bayan wayar.

Suka tsaya a bakin ruwa suka yi sallama. Masaki bai amsa ba. Suka ƙara da ƙarfi, Giwa ta haɗa da hanci. Sai ruwa ya dare can tsakiya, Dorina ta gaske ta taso tana huci, ta tako har gefen masakin.

Raƙumin Dawa ya rusuna. “Sannu, Hajiya. Yaya jiki?”

Dorina ta ce, “Jikin wa?”

Kura ta raɗa wa Giwa, “Kin ji, zazzaɓin ya hau mata kai.”

Giwa ta matso. “Hajiya, ni ce mai dakuwar nan da kika yaba.”

Dorina ta ce, “Wace Hajiya? Mene ne dakuwa?”

Raƙumin Dawa ya ce, “Ashe idon ya koma. Alhamdu lillahi.”

Dorina ta dube shi, ta dubi taron, sannan ta nuna masakin da haɓa. “Ko wannan kuke nema? Ta daɗe a ƙofar gidana. Ba ta gaisuwa, ba ta numfashi.”

Giwa ta ajiye randa, ta sa hanci ta ɗaga masakin. Ba komai a ƙarƙashi sai kwaɗo guda, shi ma ya ce ba ruwansa. Raƙumin Dawa ya fito da wayarsa a hankali, ya danna lambar Hajiya.

Cikin ramin ɓaure kiɗan kalangu ya tashi.

Biri ya yi ihu, “Wayata!”

Jaba ta danna da baki, ta danna da ƙafa, ta hau kai ta zauna, wayar tana ta girgiza ta. A ƙarshe ta danna abin da bai kamata ba, kiran ya shiga. Kowa ya ji wata 'yar siririyar murya tana cewa, “Yi shiru, don ubanki, yi shiru!”

Kura ba ta jira umarni ba. Ta ajiye tukunya, ta tona ramin, ta fito da tulu, ta fito da faifanta, ta fito da kwandon Giwa, sannan ta fito da Jaba riƙe a wutsiya tsakanin haƙora.

Jaba tana reto ta ce, “Sannunku da zuwa. Ni 'yar aikin Hajiya ce.”

Dorina ta ce, “Ban san ta ba.”

“To, ni 'yar aikin ƙwaryar ce.”

Jimina ta ce, “Ranka ya daɗe, wannan ce mai yafa gyale.”

Jaba ta ce, “Ku tsaya! Ƙarya na yi a kan kayanku? Gwaggo Kura, kilishinki ba daɗi? In babu, buɗe baki ki faɗa!”

Kura ta kusa buɗewa, sai ta gane, ta ƙara datsewa. Giwa ta ce ita za ta fara duka, don ita aka fi ci wa mutunci. Raƙumin Dawa ya ce shi ne shugaba, shi zai fara. Ba wanda ya jira wani. Giwa ta kai mari da hanci, ya samu Jaba a haƙarƙari. Raƙumin Dawa ya juya ya kai shuri daga can sama inda ba ya ganin ƙasa sosai, ya samu Kura a muƙamuƙi. Haƙoran Kura suka haɗu, ƙarshen wutsiya ya tsaya a bakinta, sauran Jaba ya tashi sama ya faɗa tsundum cikin tukunyar farfesu.

Farfesun da zafinsa. Jaba ta yi ƙara, amma ba ta fito hannu rabbana ba. Ta cafki tsoka guda, ta dire, ta bi ta tsakanin ƙafafun Giwa, ta shige sarƙaƙiyar ƙaya inda ko Jimina ba ta iya bi.

Dorina ta dubi kwanukan ta ce, “Da sunan wa aka kawo waɗannan?”

Suka ce, “Da sunanki.”

Ta shanye kunun, ta shanye zumar, ta haɗa da farfesun ko da yake ba cimarta ba ce, ta koma ruwa ba ta ce an gode ba. 'Yan ƙungiya suka kwashi kwanuka wayam suka juya gida. Kasuwa ta ci gaba da ci a waya, sai dai an kafa doka cewa duk mai son shiga zaure sai ya fara zuwa a gan shi, a zagaya shi, a taɓa shi.

Can cikin ƙaya Jaba ta zauna a gefe ɗaya, don ɗaya gefen ba ya zaunuwa. Gashin bayanta ya saɓule, haƙarƙari yana zogi, wutsiya ta zama guntuwa. Ta cinye tsokar nan tas, ta goge baki, ta ɗaga murya yadda za su jiyo:

“Ni ce Jaba, 'yar dogon baki! Na kwanta ciwon ƙarya, Giwa ta dama mini kunu! Kura ta yi mini farfesu har na yi wanka a ciki! Sarkin Kasuwa ya tako da ƙafarsa ya zo dubiyata! Ku gaya mini wanda aka taɓa yi wa haka a danginku!”

Ta ɗingisa ta nufi ƙetaren rafi. A hanya ta tarar da Kada yana shan hantsi a kan yashi. Ta tsaya daga nesa ta ƙare masa kallo, tun daga baki har wutsiya.

Ta ce, “Baba Kada, barka da hutawa. Kana da waya kuwa?”

Ya ce, “Ba ni da ita.”

Ta ce, “Madalla. Kada ka saya, wahala ce.”

Nan tatsuniya ta tsaya, kan Jaba ya tsira, wutsiya ce ta biya. Ku tashi haka nan, akwai aiki.